Kulon daga rumbun DNA na ɓera, ko PCR daga dabbar da ke hannunka: wanne ya dace da ɗakin bincike a Sakkwato?

A ƙarshen damina wata ɗaliba mai neman digiri na uku ta same ni a ofis da takarda a hannu, ta jera hanyoyi biyar a kai. Ta ce, "Allah shi gafarta Malam, duk wanda na tambaya da tashi maganar. Wace za ni bi?" Aikinta a kan ƙwayoyin garkuwar jiki ne da ake kira makurofaj, da yadda suke kashe Salmonella, dangin ƙwayar da ke kawo taifod ga mutum, take kuma kashe kaji. Tana son wata ƙwayar gado ta ɓera mai suna Slc11a1, wadda tsofaffin takardu ke kira Nramp1, tare da DNA ɗin da ke kewaye da ita, wanda ke kunna ta yana kashe ta. Wani ya ce ta gina rumbunta na kanta. Wani ya ce ta sayo kulon daga rumbun RP23. Na uku ya ce PCR, dabarar ninka ɗan guntun DNA a bututu, ya ishe ta, na huɗu ya ce ta biya kamfani ya ƙera mata, na biyar kuma ya ce zamanin duk waɗannan ya wuce tun da CRISPR, dabarar yanka da gyara DNA a cikin ƙwaya mai rai, ya zo. Na ce mata, "Zauna, ɗiyata, mu bi su ɗaya bayan ɗaya." Abin da muka tattauna ranar shi nake son in shimfiɗa a nan, domin tambayar takan dawo kowace shekara da sabuwar fuska.

Sai mu fara da rumbun kansa. Kundin gadon ɓera, wanda mu nan muke ce wa kusu, yana da haruffa kusan biliyan 2.7, a rarrabe cikin kuromosom 20 masu tagwaye. Ba a iya riƙe wannan a aiki gaba ɗaya. Sai a yanyanka shi guntu-guntu, yankan da bai cika ba, ta yadda ƙarshen wannan guntu zai hau kan farkon wancan. Kowane guntu a ɗaura shi a jikin wani zoben DNA, a tura cikin bakteriyar E. coli guda ɗaya. Ita kuma duk sanda ta rabu biyu sai ta kwafe shi. Zuriyar wannan bakteriya ɗaya, da guntun da take ɗauke da shi, ita ce kulon. Dubbansu a jere cikin farantai masu rami 384, a daskare a firiza, su ne rumbun. Wanda ya taɓa ganin yadda ake raba warƙoƙin tsohon littafi ga almajirai, kowa ya kwafi nasa kashi, ya riga ya gane tsarin. Bambancin kawai shi ne a nan kowane layi yana hannun almajirai goma, don in ɗaya ya ɓata nasa a samu a wajen wani.

Zoben da ya fi karɓuwa shi ne BAC, wanda Shizuya da Simon da abokan aikinsu suka fitar a 1992 a Caltech ta Amurka. An gina shi a kan filasmid F na E. coli, wanda ba ya wuce kwafi ɗaya ko biyu a cikin kowace bakteriya. Wannan ƙarancin shi ne sirrin amincinsa, domin guntu mai haruffa 200,000 yakan zauna lafiya ba tare da ya cakuɗe da ɗan'uwansa ba. Kafin shi akwai YAC na 1987, wanda ake renonsa cikin yis, yana ɗaukar har haruffa miliyan ɗaya, amma sau da yawa sai a tarar guntaye biyu daga wurare daban sun manne sun zama ɗaya, mai bincike ya yi ta bin taswirar ƙarya. Akwai PAC na 1994, akwai kuma fosmid mai ɗaukar kusan haruffa 40,000. Ga mai aiki a nan, zancen na BAC ne, sai fosmid jefi-jefi.

Hanya ta farko na soke ta tun kafin ta gama karantawa. Lissafin Clarke da Carbon na 1976 ya nuna cewa in kana son tabbacin kashi 99 cikin 100 cewa wurin da kake nema yana cikin rumbunka, sai ka tara abin da ya ninka kundin sau 4.6. Da guntaye masu haruffa 200,000, kulon 13,500 ne ninki ɗaya, wato kana bukatar wajen 62,000, farantai fiye da 160. Da fosmid kuwa lissafin ya haura 300,000. Kowane faranti yana son firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, dare da rana, shekara da shekaru. Bayan haka sai tantancewa, a gano wane rami ne ke da abin da ake so. Wannan aikin cibiya ne mai injin tsintar kulon da wutar da ba ta ƙiftawa, kuma ga ɓera an riga an gama shi shekaru fiye da ashirin da suka wuce. Ko da a ce jan akuyar Sakkwato ce ko shanun Gudali ake son kundinsu, yau na'urar karanta dogayen zaren DNA za a nufa, ba rumbu ba.

To, sayen kulon. Rumbun da aka fi sani shi ne RPCI-23, wanda ake taƙaitawa RP23. An gina shi a ɗakin binciken Pieter de Jong a cibiyar kansa ta Roswell Park da ke Buffalo, daga macen ɓera 'yar zuriyar C57BL/6J, aka bayyana shi a 2000. Matsakaicin tsawon guntayensa ya kusa haruffa 200,000, ya kuma ninka kundin fiye da sau goma. Ƙaninsa RP24 daga namiji aka yi shi, don haka shi ke da kuromosom Y, guntayensa kuma sun ɗan fi gajarta. Da waɗannan biyun aka yi taswirar da ta tallafi kundin ɓera da aka wallafa a Disambar 2002, aka kuma ƙarasa shi. Abin da ya sa sayen kulon ya yi sauƙi shi ne an karanta bakin kowane guntu ta gefe biyu. Ka buɗe shafin intanet na UCSC da ake duba kundin gado a kai, ka rubuta sunan ƙwayar gadonka, ka kunna layin da ke nuna bakunan BAC, sai ga kulon a jere kamar kunyoyi, kowanne da inda ya fara da inda ya ƙare. Sunan kansa adireshi ne: rumbu, lambar faranti, harafin layi daga A zuwa P, da lambar rami daga 1 zuwa 24. A lura da sigar kundin da aka buɗe, domin lambobin wuri a GRCm38 ba su ne na GRCm39 na 2020 ba, kuma a tsofaffin sigogin aka fi samun layin bakunan BAC.

Nan ne ɗalibata ta yi murna, ta ce ai ta ma ga kulon RP23 da suka rufe wurinta. Nan ne kuma na tsayar da ita, don wannan ita ce gaɓar da ta fi komai muhimmanci a duk maganar.

Ɓeran bincike ba iri ɗaya ba ne. Zuriya tsarkakakkiya ita ce wadda aka yi ta haɗa wa da ƙanwa har haihuwa 20 a jere, har duk 'ya'yan suka zama kusan kwafin juna. C57BL/6 zuriya ce, BALB/c zuriya ce, 129 dangi ne mai rassa. Kowace tana ɗauke da nata tabon gado. A 1993 ƙungiyar Philippe Gros a Jami'ar McGill ta Kanada ta gano Nramp1 a kuromosom na 1, aka kuma fahimci dalilin da ya sa wasu ɓeraye ke saurin mutuwa da Salmonella da ƙwayar cuta Leishmania da BCG, ƙwayar rigakafin tarin fuka. Harafi ɗaya ne ya canza, G ya koma A, sai amino asid na 169 ya tashi daga gilaisin ya koma asfatik asid, furotin ɗin ya lalace. C57BL/6 da BALB/c duk suna ɗauke da lalataccen. Dangin 129 da DBA/2 da C3H su ke da mai lafiya. Ke nan da ta sayi kulon RP23, da ta biya dala, ta jira watanni, ta tura shi cikin makurofaj, ba ta ga wani sauyi ba, ta rubuta a kundinta cewa ƙwayar gadon ba ta da tasiri. Kulon bai yi laifi ba, abin da ke cikin ɓerarsa ya kawo mata.

Rumbun da ya dace da ita shi ne bMQ, wanda Cibiyar Sanger ta Ingila ta bayyana a 2005, daga ƙwayoyin tayi na AB2.2 'yan zuriyar 129S7. Akwai kuma RP22 daga 129S6. Mai aiki kan ciwon suga irin na yara zai nemi CHORI-29 na ɓeran NOD. RIKEN ta Japan tana da MSMg01 daga ɓeran MSM mai asalin daji, tana kuma da rumbun C57BL/6N. Har tsakanin 'yan gida ɗaya akwai bambanci: reshen 6J ya rasa wani yanki na Nnt, abin da ke shafar yadda yake fitar da insulin, reshen 6N kuma yana ɗauke da tabon rd8 a Crb1 mai lalata bayan ido. Mu da sikila ta dame mu, ya kamata mu san cewa ko haemogulobin ɗin ɓera ya bambanta: C57BL/6 na da nau'in da ake kira s, BALB/c na da d, a gungun Hbb da ke kuromosom na 7. Masu aikin sammore sun san wannan tun da daɗewa, tun da binciken ILRI, cibiyar binciken dabbobi da ke Nairobi, ya nuna a 1997 cewa C57BL/6 ya fi A/J da BALB/c jure Trypanosoma congolense, aka kuma gano wurare uku a kuromosom 17 da 5 da 1 da ke da hannu a ciki. Idan kuma niyyar ita ce sauya ƙwayar gado a cikin ƙwayoyin tayi, te Riele da Berns sun nuna a 1992 cewa DNA ɗin da ya fito daga zuriya ɗaya da ƙwayoyin ya fi na wata zuriya shiga gurbinsa wajen ninki ashirin.

Wannan batun na zuriya yana taɓa mu ta wani gefen da ba ma son magana a kansa. Yawancin fararen ɓerayen da ke gidajen dabbobinmu ana rubuta su "Swiss albino", kuma asalin wannan sunan na ɓerayen da ba a tsarkake zuriyarsu ba ne. Bayan shekaru ana ta haɗa su ba rajista, babu mai iya rantsuwa kan abin da ke jikinsu. Wasu ɗalibai ma suna haɗa su da ɓeran Wistar a lissafi, alhali wannan wata dabba ce daban mai kuromosom 21, rumbun kusu ba ya yi mata aiki. Duk wanda zai kwatanta sakamakon kulon da na dabbar gidanmu, wajibi ne ya fara karanta wurin a jikin dabbar.

Shi ya kawo mu ga PCR, kuma ni ina ganin ita ce hanyar mutum bakwai ko takwas cikin goma da ke zuwa da irin wannan tambaya. Ka yanki ɗan guntun wutsiya, ka fitar da DNA, ka yi odar firaima biyu, wato gajerun zaren DNA masu kama bakunan wurin da kake nema, cikin yini ɗaya ka ga layinka a jel, inda ake ware DNA gwargwadon tsawonsa. Ba takardar shigo da kaya, ba jiran jirgi, ba rai da za ka ciyar. Mafi girman falalarta ita ce abin da ka samu na dabbar da ke hannunka ne, ita da ka yi wa allura, ita da ka auna jininta. Idan tambayarka ita ce wane nau'in ƙwayar gado ɓerayenka ke ɗauke da shi, ko kana son ɗan yankin da ke gaban ƙwayar gado, haruffa 1,000 zuwa 3,000, ka ɗaura a kan alama mai haske, sayen BAC ɓarnar kuɗi ce.

Inda PCR ke gajiya shi ne tsawo. Tun 1994 aka san dabarar dogon PCR, kuma da inzayim masu gyara kuskurensu irin su Q5 ko PrimeSTAR GXL ana iya kai wa haruffa 10,000, da sa'a da DNA mai kyau a wuce 15,000. Amma kusan kashi 40 cikin 100 na kundin ɓera maimaici ne, irin su B1 da B2 da L1 da suka bazu ko'ina, firaima kan zame ta kama wani wuri. Ita kuma inzayim furotin ce, tana son sanyi tun daga Ibadan ko Legas har cikin firizarka, ga shi tafiyar ta fi kilomita dubu daga Legas. Sau da yawa abin da ɗalibi ke ɗauka rashin iyawarsa ne, kwalbar ce ta sha rana a hanya. Slc11a1 tana da yankuna 15 masu saƙo, a shimfiɗe cikin haruffa kusan 11,500. Idan aka ƙara na gaba da na baya, ɗalibata tana bakin iyakar PCR ne daidai, wurin da mutum zai iya cin wata huɗu yana samun dusu-dusu a jel. Ana iya yanka aikin gida huɗu a ɗinke da haɗin Gibson na 2009, amma kowane ɗinki ƙofar kuskure ne, kuma dole a karanta komai daga baya.

A nan ne mutane da yawa ba su lura ba cewa hanyoyin biyu suna iya tafiya tare. Wurin da kake nema a cikin DNA ɗin dabba ɗaya ne cikin haruffa biliyan 2.7. A cikin BAC ɗaya ne cikin 200,000, wato an tace maka shi fiye da sau 13,000. PCR ɗin da ya ƙi fita daga wutsiya yakan fita tas daga kulon, da zagaye kaɗan, da kuskure kaɗan. Ko ba ka da niyyar taɓa dukan guntun, BAC tushe ne mai tsabta da za ka yi shekaru kana ɗiba.

Ƙerawa a kamfani ba sai an daɗe a kanta ba. Ka tura haruffa ta intanet, a aiko maka da busasshen DNA a ɗan bututu, wanda zafi bai dame shi kamar yadda ya dami abu mai rai ba. Guntayen gBlocks na IDT suna kai wa haruffa 3,000. Ga saƙon furotin zalla, ko in kana son ka sa amino asid na 169 yadda kake so, babu abin da ya fi ta sauƙi. Sai dai kamfanoni sukan ƙi karɓar jerin da ke da maimaici da yawa ko cunkoson G da C, waɗanda su ne suka cika yankunan sarrafawa, kuma kuɗin yana hawa da tsawo.

Abin da BAC ke bayarwa wanda sauran ba su iya ba shi ne unguwa. Ƙwayar gado ba ta zaune ita kaɗai, masu ba ta umarni sukan kasance nesa da ita, wasu a gaba, wasu a baya, wasu a tsakiyarta. Gungun gulobin ya koya mana haka: in ka cire LCR, yankin mai ba da umarni da ke can gabansa, ƙwayoyin gadon suna nan lafiya amma muryarsu ta yi ƙasa. A 1993 ƙungiyar Schütz a Jamus ta tura YAC mai haruffa 250,000 ɗauke da tairosines, ƙwayar gadon launi, cikin farin ɓera, launinsa ya dawo cikakke, abin da ƙananan guntaye suka kasa yi a kai a kai. A 1997 ɗakin Takahashi ya tabbatar da Clock, mai riƙe agogon jiki, ta hanyar gyara ɓera mai tabo da BAC. A 1998 aka yi haka da kurman ɓeran shaker-2, aka kama Myo15. Aikin GENSAT na Nathaniel Heintz a Rockefeller ya zana taswirar ƙwaƙwalwa da BAC masu ɗauke da furotin mai kore. Duk da haka unguwar tana da iyaka. Mai umartar ƙwayar gadon Shh a ƙafa yana zaune kusan haruffa miliyan ɗaya daga gare ta, a cikin wata ƙwayar gadon daban mai suna Lmbr1, ba BAC ɗin da zai haɗa su. Shi ya sa nake cewa a zaɓi kulon da abin nema ke tsakiyarsa, kuma a ɗauki biyu masu hawa kan juna.

Mai cewa CRISPR ya rufe wannan babi yana da rabin gaskiya. Tun 2013, da ɗakin Jaenisch ya nuna ana iya sauya ƙwayoyin gado da yawa a ƙwan ɓera da allura ɗaya, doguwar hanyar da ta kai Capecchi da Evans da Smithies ga kyautar Nobel ta 2007 ta rage masu bin ta. In kashe ƙwayar gado kake so, ko sauya harafi ɗaya, CRISPR ne. Amma sanya dogon guntu har yanzu yana son tushe, kuma daga BAC aka fi yanko shi. Sannan yin sabon ɓera, ko da BAC ko da CRISPR, yana bukatar na'urar allurar ƙwai, da iyayen goyo, da ɗakin dabbobi mai sanyin digiri 20 zuwa 24 duk shekara. Ɗalibin da bai da abokin aiki mai waɗannan, ya tsaya ga ƙwayoyin da ake renonsu a faranti. A can ɗin ma BAC na da aiki: RAW 264.7, makurofaj da ake yawan amfani da su, daga BALB/c suka fito, don haka nasu Slc11a1 lalatacce ne tun asali, fili ne a share ga mai son shuka mai lafiya ya ga bambanci.

Saura wahalar riƙon kulon a garinmu, wadda takardun Turai ba sa ambata. Yakan zo ne da rai, an soka shi cikin agar a ɗan bututu, ba ƙanƙara. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwana goma a ɗakin ajiyar kaya na iya gamawa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: a shirya takardar yarjejeniyar musayar kayan bincike da jami'a, a nemi izinin kwamitin kula da lafiyar halittu, a san abin da dokar 2015 ta NBMA, hukumar kula da lafiyar halittu ta ƙasa, ta tanada kan halittun da aka sauya wa gado, a tabbatar mai rarrabawa yana da kulon a hannu, sannan a saita odar ta iso da hunturu. Ranar da ya iso a shafa shi a faranti mai kuloramfenikol, maikurogiram 12.5 a kowace mililita, a tsinci ɗigo ɗaiɗai, a yi ajiyar gilisarin a firiza biyu da ba su kan layin wuta ɗaya. Na taɓa rasa ajiyar shekara biyu a hutun Sallah, janareto ya tsaya ba wanda ya sani sai bayan kwana uku, kuma har yau ina jin zafin abin.

Tunda kwafi ɗaya ko biyu ne a kowace bakteriya, DNA ɗin da ake samu kaɗan ne, sai an rena rabin lita. Zaren dogo ne mai saurin tsinkewa, ba a girgiza shi, ba a zuƙe shi da tsukakken baki, a firji ake ajiye shi ba a daskarar ba. Auna tsawonsa na son jel mai juya wutar lantarki bayan an yanka da inzayim NotI, in babu ita sai a yi PCR a bakuna biyu da tsakiya, ko a karanta shi duka da ƙaramar na'urar karanta DNA ta MinION in an samu. Kada a yarda da lakabin bututu, domin ramuka maƙwabta sukan gurɓata juna, wasu tsofaffin farantai kuma sun taɓa kamuwa da ƙwayar T1 mai cin bakteriya. Zoben pBACe3.6 na RP23 yana da gurbin loxP a jikinsa, alamar da inzayim mai suna Cre ke yankawa, wanda zai rikita duk mai shirin amfani da Cre in bai cire shi ba.

Gyaran BAC kuwa, dabarar da Copeland da Jenkins suka yaɗa daga Frederick ta Amurka, tana aiki da hannuwa, wato guntayen DNA masu kama da gefen wurin da za a gyara, masu haruffa 50 kacal a kowane gefe, cikin bakteriya irin su SW102. Ana renon su a digiri 32, a ɗaga zuwa 42 na minti 15 don kunna inzayim masu yin gyaran, a tsoma cikin ƙanƙara. Inkubetar da muka saba da ita dumamawa kawai ta iya. A bazara ɗakin kansa ya wuce 32, inzayim za su kunnu ba da izininka ba, su cakuɗa guntun ko su kashe bakteriyar. Ba inkubeta mai sanyaya, ba ɗaki mai na'urar sanyi tsayayya, to a bar wannan mataki ga Disamba da Janairu, ko a yi shi a ɗakin abokin aiki. Sai kuma na'urar tura DNA da tartsatsin lantarki, wadda ba makawa sai da ita. Kafin a rubuta kasafin TETFund a zagaya a gani da ido, a tsangayar likitan dabbobi, da cibiyar binciken likitanci ta CAMRET, da sauran ɗakunan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wace na'ura ce ke aiki yau.

Da muka kai nan sai na ɗauki takardarta na rubuta tsawo a gefen kowace hanya. Ƙasa da haruffa 3,000, PCR ko ƙerawa. Daga nan zuwa 10,000, dogon PCR, in ya ƙi a nemi kulon a yi daga jikinsa. Wajen 40,000, fosmid irin na WIBR-1 in zuriyar C57BL/6J ta dace, don ya fi BAC sauƙin sarrafawa. Abin da ya wuce haka, ko duk tambayar da ta shafi yaushe da ina ƙwayar gado ke kunnuwa, BAC. A saman takardar kuma na rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: zuriya.

Ta ce, "To Malam, ni ke nan bMQ za ni nema." Na ce haka ne, guda biyu masu hawa kan juna, amma ba wannan makon ba. Wannan makon firaima biyu za ta yi oda, masu kama gefe da gefen wurin amino asid na 169, ta gwada su a kan ƙwayoyin RAW 264.7 ɗinta da wutsiyar ɓeraye goma daga gidan dabbobi, ta aika a karanta. Firaiman nan su ne za su tantance kulon ranar da ya iso. Takardun izini kuma ta fara bin su tun yanzu, don bututun ya sauka Sakkwato cikin Disamba.